Fenti Kamar Nono

Mijina direban gingimari ne. Ko gobe ka kira shi tsohon direba, sai ya tambaye ka wa ya tsufar da shi. Ya yi zamani yana jigilar masara da katako daga nan Birnin Gwari zuwa Kaduna da Funtuwa, lokacin da mutum ke ratsa dajin nan ba abin da yake tsoro sai fashewar taya. Da dajin ya zama abin da kowa ya sani, hannunsa kuma ya fara rawa, 'ya'ya suka taru suka karɓe makulli. Ya dawo ya tare min a tsakar gida.

Namijin da ya saba da hanya, in ya zauna gida, jarrabawa ce. Ya leƙa min tukunya, ya koya min hura wuta, ni da na fara hura wuta tun yana yawo ba wando. Sai Allah ya dube ni, ya tsinci guntun icen maje ya fara sassaƙa. Ƙananan motoci yake yi, tsawon kamu guda, da bodin katako da tsani da madubi, tayoyi na tsohon silifas, har da 'yar butar da yaran mota ke ratayewa a baya. In ka durƙusa ka kalle ta, sai ka matsa gefe kada ta take ka. Abokansa na majalisa suka ce tsufa ya mai da shi yaro. Na ce a bar min shi a haka.

Fenti ne ya kawo rigima. Wuƙa tana jure rawar hannu, don da gwiwa yake tokare ta, amma burushi ba ya rufa wa kowa asiri. Ya sassaƙa motar da ya tuƙa ta ƙarshe, koriyar nan da ya fi so fiye da ni, ya shafa mata fenti, ta fito kamar an share majina a jikinta. Ya kankare, ya sake, ta fi da muni. Wata rana da hantsi na fito na tarar da ita a bakin murhu, cikin itacena.

"Malam, wannan fa?"

"Ki dafa wake da ita. Hannu ya tafi, magana ta ƙare."

Na ɗauke ta na cusa a ƙarƙashin gado. Na san in motar nan ta shiga wuta, mutumin nan kwanciya zai yi, irin wadda ba a tashi. Na ga yadda ta ƙare da wasu sa'o'insa.

Na sa aka kira min 'yar farina da ke aure a Kaduna, mai yi wa kek ɗin biki ado. Ta ce akwai wata 'yar bindigar feshi kamar alƙalami, da ita suke fesa kala, masu ƙera ƙananan motoci ma da ita suke aiki. Ba ta taɓa jikin abu, iska ce ke kai fentin. Na ce to madalla, in iska ce mai aikin, hannu ya yi ta rawarsa har da juyi.

Ta zo da guda biyu daga shagon da take sayayya, a kan mu zaɓi ɗaya ta mayar da ɗaya. Ta baje su a tabarma kamar kayan lefe. Ɗaya mai sheƙi ce, da tiyo da injin iska wanda sai an jona shi a wuta. In ka danna makunninta iska ta fito, in ka ja shi baya fenti ya biyo, iya ja iya fenti. Ɗayar guntuwa ce mai ƙaton gindi, injinta a gindin yake, caji ake mata kamar waya. Ita dannawa kawai ake yi, yawan fentin kuwa tun kafin a fara ake murɗa shi a bar shi.

Idon Malam na kan mai sheƙi. "Ga mota nan! Ga kuloci, ga totur."

"Da wane yatsa za ka yi danna-ka-ja?" na ce. "Wanda ke shayar da riga shayi kullum safe?"

"Ke me kika sani a kan inji?"

Ban yi boko ba, amma na sayi tukwane a duniya, kuma ban taɓa sayen wadda hannuna ba ya shiga cikinta ba. Na tambayi yarinyar wacce ce ke kwancewa a wanke ta ba tare da an kira bakanike ba. Ta ce guntuwar. Na ce allurar nan da ke cikinta, mai siririn baki kamar ƙayar aduwa, in ta lanƙwashe fa? Ta ce ta guntuwar tana ko'ina a Kaduna, ta mai sheƙin sai an aika Legas.

"Legas ai ƙofar gida ce," in ji Malam. "A jona min ita in gwada."

Aka jona. Muka zauna jiran wuta. Aka yi azahar, aka yi la'asar, kaji suka fara neman wurin kwana. A nan Nepa ta yanke hukuncin da ni na kasa yankewa.

Kafin yarinyar ta koma, ta kira mai shagon a waya don ya yi wa ubanta bayani. Hausar mai shagon ta kasuwa ce, da ji a sama ya tsince ta. Ya ce, "Baba, ka sa ruwa a fenti, ya zama kamar nono." Malam ya ce ya ji.

To, nono a wajen Malam kindirmo ne, wanda ludayi ke tsayawa a cikinsa ya yi sallama. Masu tallar nono daga nan har Randagi sun san shi, in sun hango shi sai su sauya hanya. Ya ɗiga wa fentin ruwa kamar mai sa maganin ido, ya ɗura a ɗan kofin da ke saman bindigar, ya danna. Ta yi tari. Ta tofa gudan kore a kan babban yatsan ƙafarsa, ta yi shiru.

"Zaɓin mata ke nan," ya ce. "Miƙo min motar, murhu na jira."

Na ce ya saurara. Na kwance ta yadda yarinyar ta nuna min, na wanke da ruwan ɗumi, na sa maƙwabciyata ta sake kira min mai shagon.

"Kai ɗan nan, wane nono kake nufi? Kindirmo ko tsala?"

Ya ce, "Mama, nono dai. Wanda ake sa wa shayi, mai gudu kamar ruwa."

"Madara ke nan! Wa ya taɓa sa nono a shayi, in ba mai neman gudawa ba?"

Ya ce in an tsoma tsinke, fentin ya zubo da kansa, kada ya tsaya yana shawara. Malam na jin haka ya miƙe zaune.

"Algus! A ce ni in yi algus? Ni da ban taɓa haɗa wa mota gas da kananzir ba?"

"Malam, algus sai da mai saye. Wa za ka cuta, katako?"

Ya ce ba zai karɓi fatawa daga bakin mace ba. Ya sa hula ya tafi wajen limamin unguwa, wallahi da gwangwanin fentin a hannu. Ban san abin da suka yi ba. Ya dawo dai fuska a murtuƙe, ya zauna, bai dube ni ba ya ce, "Ɗebo ruwa."

Muka dama har ya yi tsululu. Ya murɗa makunnin fentin ƙasa-ƙasa, ya kama bindigar da hannu biyu kamar sitiyari, ya gwada a jikin kwali. Wani hayaƙi-hayaƙi kore ya fito, ba tari ba tofi. Na fiddo motar. Shafin farko ko alama bai yi ba, har ya buɗe baki zai yi tsiya, na ce a bari ya sha iska. Ya sake bi, ya sake bi. Hannun na rawarsa, amma kafin fentin ya isa jikin katako rawar ta ɓace a hanya. Koren ya kwanta sumul, tun daga goshin motar har bayan bodi.

Ya daɗe yana kallonta. Ya share ido da gefen riga, wai fentin ne ke da yaji.

Washegari ya kai ta majalisa, ya shaida musu cewa shi ya zaɓi guntuwar, don tun da ya gan ta ya san inji ce ta gaskiya. Na ji labari, na ƙyale shi. Kafin a ci kasuwa ta gaba sai ga wani mai a-kori-kura daga Kusasu ya yi sallama, wai a yi masa irin tasa motar, da lotsewar ƙofarta da komai. Ina daga ɗaki na ji Malam yana gyara murya.

"Ka dawo bayan girbi," ya ce. "Akwai tanka a gabanka."