Kafin Kwalin Baba Ya Bar Gida

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ina son tsofaffin waƙoƙin rock ɗin Babanmu, irin waɗanda ake minti goma ana kiɗa kafin mawaƙin ya buɗe baki. Kowa a gida dariya yake masa, ni ma ina taya su.

Jiya na tarar yana zuba faya-fayan a kwali zai kyautar.

Mama ta ce, "Alhamdulillahi! Yanzu ma yi tafiyar mota zuwa garin Woodbridge ba kiɗa ba ciwon kai."

Baba ya yi murmushi. "Kiɗan da ba mai taya ka ji, ajiye shi na me?"

Sai na zauna na rubuta masa wasiƙa cewa ina son waƙoƙin. Har na tona cewa su nake ji in ina karanta littattafan soyayya.

Yau in ya dawo aiki zan miƙa masa. Ku taya ni addu'a kada kunya ta sa in fasa.