Gajimaren Alli

Eulogia Zamarripa ba ta taɓa zana abin da za a rataya a falon masu kuɗi ba. A garinmu na mahaƙa azurfa, cikin duwatsun Zacatecas, allon godiya ne sana'arta. Wanda ya tsallake rijiya da baya sai ya zo ya ba ta labari, ta zana masa a fallen kwano, shi a ƙasa cikin bala'insa, waliyyi a sama cikin gajimare, ya kai coci a rataya. Wajen ubanta ta gada. Tun tana niƙa masa fenti har hannunsa ya soma rawa ta karɓe burushin. Ta zana alfadarin da ya yi harbi, da haihuwar da ta zo a gicciye, da mashayin da jirgin ƙasa ya bi ta kansa ya tashi yana neman hularsa. Bakinta kamar reza, amma ba ta ƙara wa labari gishiri.

Shekarar da ruwa ya ɓalle a cikin rami aka fito mata da mijinta Fidencio, ƙirji a karye, yatsun dama a dagargaje. Kafin ya cika ya faɗa mata cewa suna kan tsani, Don Crisóforo shugaban lebura yana samansa, tsanin ya soma ƙara, sai mutumin ya taka masa hannu har ya saki. Wa za ta faɗa wa? Rabin garin a hannun Don Crisóforo suke cin abinci. Ta haɗiye, amma wallahi bai wuce maƙoshi ba.

Rashin kunya kuwa ba a saye a kasuwa. Ko baƙaƙen kayan makoki ba ta cire ba, sai ga Don Crisóforo a ƙofarta da hula a hannu.

"Doña Eulogia, ya haƙuri? Allo nake so. Waliyyi ya tsamo ni da hannunsa."

"Da hannunsa," in ji ta. "To ƙafa fa, ba ta taimaka ba?"

"Wasa dai ba ya ƙare miki. Ki yi ni a kan tsani ina addu'a."

"Zan yi ka yadda kake, ranka ya daɗe."

Ta zana shi da fentin mai wanda ba ya gogewa: ga gashin bakin, ga tumbin, ga takalmin da ƙusoshinsa a kan yatsun Fidencio, ga fuskar mijinta tana kallon sama. Da ya bushe sai ta dama alli da ruwan ƙaro, ta lulluɓe ƙasan tsanin da farin gajimare. Mutumin ya gani ya ji daɗi, har ya ce kamar a sama yake tafiya. Fada, limamin cocin, ya yayyafa wa allon ruwa mai tsarki, aka kafa shi kusa da ƙofa, inda bango ke tsatsafa da damina.

Da ruwan sama ya zauna, gajimaren ya soma ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Yatsu suka fara fitowa. Wata Lahadi mata suka cika wajen suna kallo. Lahadin gaba aka ga fuskar, kowa kuma ya san Fidencio.

Don Crisóforo ya je wa Fada yana huci, wai a cire allon. Fada ya ce abin da aka ba waliyyi ya zama nasa, ko gwamna bai isa ya taɓa ba. Ba a kai Don Crisóforo kotu ba, ba a kore shi a aiki ba. Sai dai daga ranar duk lebura ya ƙi sauka rami in shi ne a samansa, kuma in ya gaishe ka, ƙafarsa kake kallo. Haka ya tsufa.

Ita ma ta tsufa, ido ya yi hazo, ta daina karɓar aiki. Ranar da Don Crisóforo ya mutu matarsa ta zo mata tana kuka.

"Don Allah, Yaya, gobe ta ƙofar nan za a shigo da gawarsa. Ki rufe abin nan, ko na yini ɗaya."

Eulogia ta ɗauki burushi ta bi ta. Matar ta riƙe mata kujera ta hau, tana ta sa mata albarka. Hayaƙin kyandir ya riga ya dusashe takalmin. Ta kai hancinta dab da kwanon, ta sabunta ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya har suka yi ƙyalli, sannan ta miƙo hannu.

"Sauke ni, 'yar'uwa. Na gama."