Wasiƙar da Evanthia Ta Ƙi Buɗewa

Shekara talatin da ɗaya Evanthia ta yi a bakin injin matsar zaitun, mijinta Lefteris na fama da takardu. Ko rasit ɗaya ba ta taɓa rubutawa ba, kamfanin ma da sunansa aka yi rajista.

Kwana biyu da binne Lefteris aka kawo wasiƙa daga ofishin haraji. Ta sa hannu ta karɓa, ta ga sunansa a jiki, sai ta ɗora ta a kan teburinsa ta ja ƙofa. A ƙauyensu ba a taɓa kayan mamaci sai ya cika arba'in, kuma Evanthia ba za ta yarda a riƙa nuna ta da baki ba.

Ran arba'in, bayan an raba dafaffiyar alkama a coci, ɗanta Stamatis ya buɗe wasiƙar. Tirƙashi! An yanka wa kamfanin harajin yuro dubu sittin, wai sun sayar da man zaitun a ɓoye. Man nan kuwa na manoma ne, ladan matsa kawai ake karɓa, kowa ya kwashi abinsa.

Washegari suka nufi birni wurin lauya. Ya juya takardar, ya ce, "Baiwar Allah, gaskiya taku ce, ko makaho ya shafa ya ji. Amma kwana talatin aka ba ku ku yi jayayya, kun zarce da mako guda."

"To ka gaya musu rasuwa aka yi mana," in ji Evanthia.

"Zan rubuta. Sai dai su kwanan wata suke kallo."

A mota Stamatis ya kasa haƙuri. "Mama, ambulan ne fa! Ba rigarsa ba ce, ba agogonsa ba!"

"Rufe min baki ka ja mota," in ji ta. Amma har suka iso gida hawaye take sharewa, don ta san yaron bai yi ƙarya ba.

Aka fara rufe asusun banki. Da zaitun ya nuna, ma'aikatan haraji biyu suka zo suka ɗaure injin da waya, suka manna hatimi. Manoma na ta isowa da buhuna, ba su da labari. Evanthia ta tsaya a bakin ƙofa cikin baƙaƙen kaya, tana tare motoci ɗaya bayan ɗaya, tana kwatanta musu hanyar injin ƙauyen gaba.