Ramukan Babbaka da Ƙafar Yaya

Abu uku ne a gabana a waccan shekarar: ramukan babbaka da ke bayan gidana, matar da ke saye gandarmu kaf tana lodawa kudu, da ƙafar yayana ta hagu. Na juya lissafin ta kowace fuska, ban ga yadda zan riƙe su duka ba.

Fatar shanu nake saye a Shinkafi da Zurmi, in kawo Kaura, a babbake gashin da tsofaffin tayoyi, a kankare, ta zama ganda. Da can a bakin gulbi muke aikin, iska na kwashe hayaƙin. Da bayan gari ya daina shiguwa, har 'yan bindiga suka ɗauke wasu masu ɗiban yashi kusa da wurinmu, sai na dawo da ramukan cikin katangar gidana, na yi musu rumfar kwano. Yaya ke tsayuwa kan wuta. Shi ya goya ni ina ƙarami, kuma idonsa ne ke gane fata ta gasu kafin ta ƙone.

A hanyar masallaci na fara lura. Sai ya yi 'yar tafiya ya tsaya, ya dafa bango yana murza sha-raɓarsa.

"Sanyi na," in ji shi. "Wuce kar ka rasa sahu."

Wanzami ya yi masa ƙaho, ba ta sake zane ba. Tafin ƙafar ya riƙa yin sanyi kamar randa, ga ɗan ciwo a yatsa ya ƙi warkewa. Ran da na ga yatsan ya soma baƙi, ban nemi shawararsa ba, na sa shi a mota.

Likita ya daɗe yana laluben bayan ƙafar da yatsunsa, yana neman bugun jini. Ya koma ta dama, ya sake dawowa ta hagu.

"Baba, kana shan taba?"

"Ban taɓa sa ta baki ba."

Da ya ji aikinmu sai ya ajiye biro. Ya ce baƙin da muke fyacewa daga hanci shi ne mai sauƙi. Akwai wanda ya fi gari laushi, ido ba ya ganinsa, yakan wuce har ƙarshen huhu, wani ma ya ratsa cikin jini. Bangon jijiya sai ya yi ta kumbura daga ciki, hanya ta tsuke, jini ya hau.

"Likita, hayaƙi ai ga ƙirji shika tsayawa," in ji Yaya. "Mi ya kai shi ƙafa?"

"Jinin da ya bi ta ƙirji shi ke sauka ƙafa. Shekaru ma suna da nasu kason, ban ɗora wa hayaƙi duka ba. Amma in ka koma cikinsa, ba zan yi maka alkawarin ƙafar nan ba."

Washegari na same shi bakin rami, ya ɗaure ƙafar da leda, yana juya fata.

"Yaya, ba ka ji abin da anka ce ba?"

"Na ji. In zauna ƙanena ya riƙa auno min hatsi kamar gajiyayye? Tafi kasuwarka."

A ranar kuma mai sayen kayan ta zo. 'Yar kudu ce amma haihuwar Kaura, Hausa a bakinta kamar tamu. Kirsimeti ya matso, mota take so a cika. Na ce mata zan koma yin farar ganda, wadda ake zuba wa tafasasshen ruwa a kankare.

"Alhaji, ja mutanena suka sani, mai ƙanshin wuta," ta ce. "Fara sai dai in ɗauki rabi, don mutunci."

Komawa bakin gulbi kai mutane ne ga bindiga. Itace kuwa daga dajin da ba ya shiguwa yake fitowa, kuma shi ma hayaƙi ne. Muddin ramin na nan Yaya zai tsaya a kansa, na san halinsa.

Na jira ranar wankin ciwonsa a asibiti. Yana fita na sa aka cike ramukan da ƙasa, aka kwashe tayoyin, aka girka tukwane kan gas. Da ya dawo ya tsaya yana kallon wurin, sanda a hannu. Na zaci zai ɗaga min ita.

"A gidanka ne," ya ce. "Ka nuna min."

Na ba shi zaɓen fata a shago, aikin zaune. Ya karɓa.

Ga yadda muka tashi. Rabin cinikin ya koma hannun wasu masu babbaka, bai dawo ba. An cire wa Yaya yatsu biyu. Ƙafar na nan, da ita yake zuwa masallaci, yana tsayawa a hanya amma yana isa. Tun daga ranar da na cike ramukan bai sake sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Duk da haka ni a riba na sa wannan cinikin.