Kyanwarmu Ta Wayi Gari Ba Gashi

Jama'a, ku ji abin da ya same mu yau a Mafara!

Da safe kyanwarmu ta fito, bayanta tas ba gashi, kamar an aske! Inna, surukata, ta ce, "Sammu ne!" Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Makero ne, ciwon fatar nan mai cin gashi, a janye yara."

Maigida sai sunkuyar da kai yake. Na ce, "Baban Hauwa, lafiya?"

Ya ce, "Ƙuma ce ta dame ta. Na ɗan fesa mata maganin ƙwarin shinkafarmu ta Bakalori."

Sai Inna ta dafe ɗankwali. "Na jarkar nan? Shi na shafa jiya don ƙwarƙwata!"

Innalillahi! Ga mu bakin hanya muna neman motar asibiti. Har yanzu Inna ta ƙi cire ɗankwalin.