Mayafin da Aka Kai Xintang

Warin daddawa ne ya haɗa ni da ita. Ba mu daɗe da tarewa a Panyu ta ƙasar China ba, ina shara a bakin ƙofa sai na ji shi yana hawowa ta matakala. Na ce wa maigidana wallahi akwai Bahaushiya a gidan nan, ya ce kewar gida ce ke damuna. Na zura hijabi na bi warin har ƙofar da yake fitowa, na ƙwanƙwasa. Wata gajeruwar mata fara ce ta buɗe, kai ka rantse 'yar China ce. Na fara kame-kame da ɗan Sinancin kasuwa da na iya, ta yi dariya ta amsa min da Turanci. Ta ce ita 'yar Indiya ce, daga can cikin duwatsu, mutanensu ana ce musu Naga, kuma abin da na ji wake ne da suke ruɓarwa su yi miya da shi. Na ce mata ko ma me kuke ce masa, wannan daddawa ce, a sam min.

Tun daga nan muka ƙulla. Tana koyar da Turanci a makarantar ƙananan yara, ni kuma ina gida, maigidana yana fita sayen tufafi yana turawa kasuwar Kwari a Kano. Ita ta raka ni asibiti lokacin da na yi ɓari, ita ta riƙe min hannu, don maigidan yana wajen lodin kwantena. Ba ni da uwa ba ni da ƙanwa a garin, ita ce.

Shekarar da abin ya faru, mun shiga lokacin nan da bango ke gumi, madubi ya yi hazo, takalmi ya yi fumfuna a cikin kwali. Ɗakinta rana ba ta leƙa shi, ni kuwa barandata tana samun rana da hantsi. Sai ga ta da wani abu a cikin rigar filo, ta rungume shi a ƙirji. Mayafi ne mai kauri, saƙar hannu, ja da baƙi da siririn fari, faifai uku aka saƙa aka haɗe su da ɗinki, kamar yadda masaƙanmu ke haɗa saƙi. A gefe an jera wuri, irin na kuɗin da. Ta ce mahaifiyarta ce ta saƙa shi, shi ne na ƙarshe da ta saƙa. Tsohuwar ta rasu lokacin da aka rufe hanyoyi saboda annoba, ba ta samu zuwa jana'iza ba, mayafin kawai aka aiko mata. Ta ce mutanensu da ke warwatse a garuruwan nan za su haɗu su yi bikin shuka irin na gida, shi za ta yafa, kuma ni baƙuwarta ce. In shanya mata shi ya sha iska, in ajiye a wajena har ranar.

Na shanya. Maigida ya dawo ya tsaya a kansa yana murza bakinsa da yatsu, yana cewa, "Kai, wannan zanen zai tafi a Kano." Na ce na maƙwabciya ne. Iyakar abin da na ce ke nan, na linke na mayar a rigar filon, na ɗora saman durowa.

To shi maigidana mutumin kirki ne, amma sana'arsu ta ɓata musu ido. Duk ƙyalle mai kyau a wajensu samfur ne, wato abin da za a kai kamfani a ce a buga irinsa. Ya taɓa yanke min gefen sabuwar atamfa ina kicin. Ya taɓa tsayar da wani bawan Allah a bakin masallaci ya ɗauki hoton wuyan rigarsa.

Ranar bikin da safe maƙwabciyar ta turo min saƙo cewa ta yi gaba don girki, in taho da mayafin, bayan azahar za a fara rawa. Na taka kujera na jawo rigar filon. Babu nauyi. Na zazzage ta, na leƙa bayan durowa, na fito da duk kayan ciki na watsar a ƙasa.

"Alhaji, ina mayafin nan?"

Yana shan shayi. Ya ce, "Af! Na manta ban faɗa miki ba. Na kai kamfani a Xintang, za a sa min irin zanen a bakin siket ɗin jins. Hoto kawai za su ɗauka, Hajiya, kwantar da hankalinki."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na fizge kofin daga hannunsa ba. Na ce masa na uwarta ne da ta mutu, yau za ta yafa, ka ji ko ba ka ji ba? Ya ce ai ban gaya masa haka ba. Na ce sai na gaya maka kafin ka san kayan mutane ba naka ba ne? Ya kira matar da ke da kamfanin, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira. Na ce tashi, wallahi ko a ƙafa ne sai mun je.

Xintang da nisa. A mota ban iya zama daidai ba, sai addu'a nake, Allah ka sa yana nan yadda yake, Allah kar ka kunyata ni a gaban baiwar Allah nan. Saƙonninta suna ta shigowa. Hoton tukunya ta turo, ta rubuta cewa sabuwa ce ta saya don ni, kazar ma wajen mahaucin Musulmi ta je ta sayo, ba a haɗa ta da namansu ba. Na kife wayar a cinya ina kuka. Maigida ya ce, "Haba Hajiya, ba a fa ga komai ba tukuna." Na ce kar ka ƙara min magana.

Kamfanin a saman wani bene yake, ko'ina tarin wandunan jins, kekunan ɗinki na ta ƙara. Matar ta fito tana murmushi, maigida yana ce mata lawban, wato shugaba. Ya tambayi mayafin. Ta ɗaga masa babban yatsa, ta ce aiki ya yi nisa. Ta kai mu wani tebur, ta jawo leda.

Sun warware shi. Faifai biyu ne a ledar, bakinsu duk zare ya tashi inda aka farke ɗinkin. Wurin an tsinke shi an zuba a kofin takarda. Na ce ina na ukun, na tsakiya? Ta ce, "Meyo." Babu. Wannan kalmar kullum ina jin ta a kasuwa, ban taɓa jin ta soke ni ba sai ranar. Ta yi wa maigida bayani, shi kuma yana faɗa min murya ƙasa-ƙasa: sun yanka shi gunduwa-gunduwa, wani an kai wa masu rini su daidaita launi, wani an kai wa masu saƙa su ƙirga zare. Haka ake yi, ta ce, kowa ya san haka ake yi da samfur.

Na durƙusa a gabanta, ni da girmana. Ina roƙonta da Hausa, da Turanci, da hannu. Ina cewa mama, mama ta mutu. Masu ɗinki suka tsayar da kekuna suna kallona. Matar ta rikice, ta shiga buga waya. Bayan wani lokaci aka kawo guntu ɗaya daga ƙasan benen, bai fi tafin hannu ba, an rubuta lamba a kansa da alli. Sauran, ta ce, sun riga sun tafi. Sai ta dafa kafaɗata ta ce kar in damu, nan da mako guda za ta yi min sabo da inji, iri ɗaya sak, ma ya fi wannan laushi, kyauta.

A hanyar komawa maigida ya ce, "Ko mu ce mata an manta shi a gida an tafi da makulli? In sabon ya fito sai a ba ta." Na juyo na kalle shi. Na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Ka yanka mata uwa, kuma yanzu ka ce in yi mata ƙarya?" Amma gaskiya ni ma abin ya ɗarsu a raina, har na fara tsara yadda zan faɗa. Da muka iso ya ce zai jira a mota. Na ce ka kyauta.

Wani lambun cin abinci masu bikin suka kama a bayan gari. Tun daga ƙofa ja da baƙi kake gani. Maza sun ɗaura huluna masu dogon gashin tsuntsu, mata wuyansu cike da duwatsun ado. Duk mai riƙe da mashi, nasa na kwali ne da sandar goge-goge, ashe na gaske ba ya wuce masu bincike a tashar jirgin ƙasa. Hayaƙin nama ya cika wurin. Sun fara jeruwa, wani dattijo yana ba da waƙa, sauran na amsawa da murya ɗaya mai nauyi, suna buga ƙafa. Kowa da mayafinsa, kowane gari da irin zanensa. Maƙwabciyata kaɗai ce a layin da farar riga, tana ta waigen ƙofa.

Ta hango ni ta taho da gudu tana dariya. "Sista, kin kusa kashe ni! Kawo, kawo."

Na miƙa mata ledar. Ta ciro faifai ɗaya, ta ciro na biyu, ta ciro guntun mai alli. Kofin ya karkace, wurin ya zube a ciyawa. Ta tsuguna tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, ni ma na tsuguna, a nan na faɗa mata komai. Na ce ki zage ni, ki mare ni, wallahi na cancanta. Ba ta ɗago ba. Ta gama tsincewa ta ƙulle su a hankici, sannan ta ce, "A na tsakiyan ne ta yi kuskure. Idonta ya riga ya raunana, ta tsallake layi ɗaya. Nan nake fara dubawa kullum."

Na fashe da kuka mai sauti, har mutane suka waigo. Ita ce ma ta ce in yi shiru. Wata tsohuwa ta zo da fil-fil, suka haɗa faifai biyun, aka yafa mata. Bai rufe mata kafaɗa ba, zare na reto a baya. Haka ta shiga layi ta yi rawar har ƙarshe, tana amsa waƙar, hawaye na zuba. Ni ina kan kujerar roba da farantin kaza a cinyata. Ko loma ɗaya ban iya kaiwa baki ba.

Da za mu rabu ta riƙe hannuna. Ta ce wanda ya tafi ya tafi, abu ɗaya take roƙo. Wannan zanen na danginsu ne, a garinsu ko maƙwabci ba ya yafa shi. Kar a buga shi. Kar ta ga hannun mahaifiyarta a jikin wanda bai san ta ba. Na ce na yi miki alkawari. Na koma mota na ce wa maigida ya kira yanzu a gabana. Ya kira, ya soke aikin, ya haƙura da abin da ya riga ya bayar, matar ta ce to, to, babu damuwa. Ranar na ɗan samu na numfasa.

Maƙwabciyata ta ɗau lokaci ba ta hawo wajena ba. Sannu a hankali ta dawo, da 'yar robar daddawarta, muka ci gaba kamar da, sai dai ba ma tayar da maganar.

Bayan wasu watanni na bi maigida Baima, babbar kasuwar tufafi, zan saya wa ƙannena tsaraba. Muna hawa bene na ga shi. Siket ne na jins a jikin mutum-mutumi, bakinsa ja da baƙi da siririn fari, an buga hoton wuri a jere. Shago na gaba ma akwai, a jikin jaka. Na matsa kusa na duba, har layin da tsohuwar ta tsallake sun kwafa. Mai shagon ta ce sabon fitowa ne, yana tafiya sosai, dozin nawa nake so? Na juya na kalli maigida. Maigida ya rantse da Allah ba shi ba ne, kuma na yarda, amma me rantsuwarsa za ta gyara?

Ban faɗa mata ba. Na rasa ta inda zan fara. Sau da yawa takan leƙo ranar Asabar da jakarta a kafaɗa, ta ce, "Sista, zo ki raka ni Baima, ke kika iya ciniki." Sai in ce kaina ke ciwo, mu bari wani satin, ko in ce ai kayan can sun yi tsada, ga wata kasuwa nan kusa. Ta ce ciwon kan nan nawa ya yi yawa, ya kamata in ga likita.