Ranar Da Baba Modu Ya Daidaita Mana Awo

Ranakun aikin nan da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da wata Talata ba, ranar da saura ƙiris in yi sanadin ran wani tsoho mai sayar da turare, alhali ko tashi daga kujerata ban yi ba. Ku sababbi ku matso, don ku nake ba da labarin.

Lokacin shekarata uku a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a nan Maiduguri. Oga ya tafi taro, ni Yagana na zama babba, ina ta hura hanci. Aikina shi ne na'urar auna gishirin jini. Ga wanda bai santa ba, a cikinta akwai wasu 'yan tantani sirara kamar na cikin ɓawon ƙwai, kowanne da irin gishirin da yake ganewa. In jini ya taɓa tantanin, sai ya haifar da 'yar wutar lantarki, na'urar ta mayar da ita lamba. Wanda muka fi tsoro shi ne fotasiyam, don in ya yi yawa zuciya na iya tsayawa, in ya yi kaɗan ma haka. Na mai lafiya ba ya wuce biyar.

Wajen ƙarfe goma wani dattijo ya leƙo tagarmu, ƙamshinsa ya riga shi isowa. Baba Modu ke nan daga unguwar Limanti, mai hawan jini, yana fama da kasala. Masinja bai zo aiki ba, sai aka ba shi kwalaben jininsa guda biyu ya kawo da kansa, ɗaya mai murfi kore, ɗaya mai murfi shunayya. Ya gaishe ni irin ta Barebari, ya ce, "Wushe da aiki, 'yata," ya miƙo su da hannu biyu, ya koma ɗakin jinya.

Na sa na koriyar kwalbar a na'ura. Tara da rabi! Innalillahi! Mai wannan lamba ai likkafani ake nema masa, ga shi mutumin ya tako da ƙafarsa har yana gaishe ni. Amma ƙa'ida ita ce, in sakamako ya kai matakin haɗari, ka sanar da likita nan take. Na kira Dokta Bukar, sabon likita ne, ko wata shida bai yi ba. Ina ji muryarsa ta canza, ya ce zai sa a haɗa ruwan da ke sauke fotasiyam yanzu-yanzu.

Ina ajiye waya hankalina ya ƙi kwanciya. Wa zan fara zargi in ba tantani ba? Zafin garin nan yana lalata shi. Na cire shi ina masa masifa kamar yana jina, na sa sabo, na gwada da ruwan gwajin da muka san lambarsa, ya fito daidai. Na maimaita jinin Baba. Tara da rabi dai, ko gezau. A nan idona ya kai kan kalsiyam, wani gishirin da na'urar ke aunawa, na ga kusan babu shi. Nan take na gano abin da ya faru. Kwalba mai murfi shunayya tana da maganin hana jini daskarewa, wanda shi kansa fotasiyam ne, kuma yana kame kalsiyam. Wani ya zuba jinin shunayyar kwalbar cikin koriyar.

Na kira Dokta, bai ɗauka ba. Ban san sanda na zura da gudu ba, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan na bar wa ɗakin gwaji.

Na tarar an kwantar da Baba, an rataye ledar ruwa, Sista Rifkatu na neman jijiya. Ita ta ɗebi jinin da safe, kuma mace ce da manyan likitoci ma sai sun gyara tsayuwa kafin su yi mata magana. Na ce, "Ku tsaya! Sista, don girman Allah me ya sa kika juye jini daga wannan kwalba zuwa waccan?"

Ta sauke tabarau ta dube ni tun daga kai har ƙafar da ba takalmi. "Ni? Yagana, ina ɗiban jini tun kina goye a bayan uwarki. Sake faɗa in ji."

Da rashin kunyata na buɗe baki zan sake, sai Baba ya ɗaga hannu daga kan gado.

"'Yata, ki bar baiwar Allah nan. Ita dai awo ne ba ta iya ba, amma na rufa mata asiri."

Muka juyo gaba ɗaya.

"A hanya na ɗaga kwalaben a rana, na ga ɗaya cike, ɗaya ko rabi bai kai ba. Haba! Shekara arba'in ina zuba turare a kwalba, ba a taɓa kama ni da tauye awo ba. Sai na zauna gindin bishiya na daidaita su." Ya dubi Dokta yana jiran yabo. "Ko ɗigo bai zuba ba, likita."

Sista ce ta fara fashewa da dariya, har ta dafa ƙarfen gado. Ta ce, "Baba, ni ce ban iya awo ba?" Ya ce, "Za ki koya, ai da sauranki."

Aka sake ɗiban jini, na riƙo shi da hannuna, Baba yana ƙorafin za mu ƙarar da shi. Sakamako ya fito ƙasa da uku. Ƙwayar hawan jinin da yake sha, mai sa fitsari, ta kwashe masa fotasiyam, ita ce ta kawo kasalar. Wato ƙari yake bukata, mu kuwa muna shirin sauke ɗan abin da ya rage. Da na kai wa Dokta Bukar takardar, ya karanta, ya nemi benci ya zauna. Ni ma wallahi na tsorata fiye da yadda na nuna. Sista kuwa sai da na yi sati ina zuwa gaishe ta har ofis kafin ta daina tambayata ina ɗayan takalmin.

Abin da na koya shi ne, tantanin nan abin da ya taɓa shi kawai ya sani, bai san hannun da kwalba ta bi ba. Mutanenmu kuma masu son taimako ne, in sun ga abu a karkace sai sun gyara maka, ba za su faɗa ba don kada ka ji kunya. Shi ya sa kuke ganin ina tsare mutum a taga ina tambayarsa wa ya riƙo, ko ya tsaya a hanya, ko ya buɗe murfi. Na san kuna kirana 'yar sanda a bayan idona. Ku ci gaba da kira. Ranar nan Sista ta riga ta ɗaure hannun tsohon, allura na tsakanin yatsunta, kuma ni ce na buga wayar.